Daily Trust: Jaridar Arewa Ce Ko Ta Ƙasa, Kuma Daga Hannun Wa Ta Kuɓuta?

Ɗalibar Jarida, Kano

Assalamu alaikum iyayena da malamaina na wannan zaure. Ina karatun aikin jarida ne, kuma akwai batun da nake ji ana ambatarsa kamar an riga an gama magana a kansa, alhali ni ban gamsu ba. Duk lokacin da aka tashi kawo misalin jaridar kullum mai zaman kanta a Arewacin Najeriya, Daily Trust ake fara kira, wani lokaci ma ita kaɗai ake kira. To amma Arewa ta yi jaridu masu suna kafin ita, wasu na gwamnati, wasu na attajirai da 'yan siyasa, kuma kusan dukkansu sun durƙushe. Ina roƙon masana su bayyana mini abin da ya sa wannan ta haura shekara 20 tana fitowa kullum, sauran kuwa suka gaza. Sannan hedikwatarta tana Abuja, ana sayar da ita har a Legas, ita ma ba ta kiran kanta jaridar yanki. Da wace hujja ake cewa ta Arewa ce, kuma idan an ce tana zaman kanta, daga hannun wa ta kuɓuta?

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ba za ta amsu ba sai an waiwayi baya, domin wanda bai san yadda jaridun Arewa suka faro ba, ba zai gane abin da ya zama sabo a 1998, shekarar da aka kafa Trust, ba. A Kudu, jarida ta taso ne daga hannun 'yan mishan da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci. Iwe Irohin ta fito a Abeokuta tun 1859, Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Obafemi Awolowo kuma ya kafa Nigerian Tribune a Ibadan a 1949, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da take ta hukuma. A Arewa kuwa hukuma ce ta haifi jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, gwamnatin Turawa ce ta kafa ta, haka ma Nigerian Citizen ta Ingilishi da ta biyo baya a 1948. Ranar 1 ga Janairun 1966 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da New Nigerian a Kaduna, mako biyu kacal kafin juyin mulkin da ya ci ran Sardauna.

Kada ki ɗauka cewa don New Nigerian ta gwamnati ce, 'yar amshin shata ce tun farko. A zamanin Malam Adamu Ciroma, wanda shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe editancinta, da Malam Mamman Daura da Malam Turi Muhammadu, ra'ayin jaridar da take bugawa a shafin farko abu ne da masu mulki a Legas suke karantawa kafin su karya kumallo, shafinta na sharhi mai suna Candido kuma yana yi wa manya shaguɓe ba tare da shakka ba. A ganina, wani ɓangare na wannan ƙarfin hali ya samo asali ne daga yanayin mallakarta. Bayan an raba Jihar Arewa gida shida a 1967, jaridar ta zama dukiyar haɗin gwiwar jihohin, don haka babu wani gwamna guda da zai iya ɗaga waya ya kori edita shi kaɗai. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta karɓe ta, kamar yadda ta karɓi kashi 60 cikin 100 na Daily Times, daga nan ta koma ƙarƙashin maigida ɗaya. Shekarun mulkin soja suka bi ta kanta, injina suka tsufa, masu karatu suka fara shakkar abin da take faɗa, har aka mayar wa gwamnonin Arewa 19 da ita a 2006 tana fama da bashi. Wannan karon yawan iyayen gida bai amfane ta ba, domin kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido a kan wa zai biya albashi, har ta daina fitowa a kan takarda. Triumph ta Kano, wadda Gwamna Abubakar Rimi ya kafa a 1980, kamfaninta kuma ya riƙa buga Albishir ta Hausa da Alfijir ta ajami, ita ma rayuwarta tana rataye ne a kan ra'ayin duk wanda ke gidan gwamnati, shi ya sa aka rufe ta a 2012, wata gwamnatin kuma ta zo ta sake buɗe ta.

An yi jaridun da ba na gwamnati ba a Kaduna kafin Trust. Akwai The Democrat ta Alhaji Isma'ila Isa Funtua, akwai Today ta Alhaji Abidina Coomassie, akwai The Reporter ta Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Kowacce tana tsaye ne a kan aljihun mutum ɗaya da makomarsa, kuma kin san yadda ta Shehu 'Yar'aduwa ta kasance: an ɗaure shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disambar 1997. Akwai kuma mujallar Citizen da wasu ƙwararrun 'yan jarida, ciki har da Mohammed Haruna da Adamu Adamu da Hajiya Bilkisu Yusuf da Kabiru Yusuf, suka kafa a 1990. Ta yi suna wajen ingancin rubutu, amma ba ta daɗe ba.

Darasin Citizen ne ya haifi Trust. Malam Kabiru Yusuf da abokansa sun kafa kamfanin Media Trust a matsayin kasuwanci na masu hannun jari da yawa, suka fara da abin da ƙarfinsu zai iya, wato Weekly Trust mai fitowa mako-mako, a Kaduna, cikin watan Maris na 1998, Janar Sani Abacha yana kan mulki. Sai da suka shekara kusan uku suna gina masu karatu da masu talla kafin su fara Daily Trust a Abuja a watan Janairun 2001, a 2006 kuma aka ƙara bugun Lahadi da Aminiya ta Hausa. Amsar tambayarki ta farko, a iya fahimtata, ita ce jaridar ba ta rataya ranta a wuyan gwamna ko attajiri guda ba, kuma waɗanda suka kafa ta sun ɗauki lissafin kuɗi da muhimmanci kamar yadda suka ɗauki rubutu.

Mai Nazari, Zariya

Allah ya saka wa Baba da alheri, ya kawo tarihin yadda yake. Sai dai ina ganin tsarin mallaka kaɗai bai isa ya bayyana nasarar jaridar ba, dole a haɗa da lokacin da ta zo. Daga 1999 zuwa 2002 ƙasar nan ta shiga wani yanayi da Arewa ta ji ana ba da labarinta ba da bakinta ba. Mulki ya koma Kudu, Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci wasu jihohi suka bi sahu, rikicin Kaduna ya ɓarke a watan Fabrairun 2000, sannan aka yi tarzomar gasar sarauniyar kyau ta duniya a watan Nuwambar 2002, wadda wani rubutu a jaridar ThisDay ya kunna wutarta. A duk wannan lokaci manyan jaridun ƙasar, irin su Punch da Guardian da Vanguard da Tribune, suna Legas da Ibadan ne, editocinsu can suka tashi, wakilansu a Arewa kuma ba su da yawa. Ba sai an zarge su da mugun nufi ba. Wanda yake kallon Gusau daga Ikeja, abin da ya hango daga nesa shi zai rubuta. Malamin makaranta a Katsina da ma'aikacin gwamnati a Bauchi suna neman jaridar da ta san bambancin hakimi da dagaci, wadda ba za ta kira duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe ba. Trust ta samu wannan kasuwa a buɗe, New Nigerian kuma ta riga ta yi rauni.

Saboda haka, Malama, kasancewarta ta Arewa ba ya cikin adireshin ofishinta. Yana cikin abin da take ɗauka a matsayin babban labari. Farashin masara a kasuwar Dawanau, jinkirin takin zamani, kujerun aikin Hajji, gubar dalma da ta kashe yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, rikicin manoma da makiyaya, sarautar da aka naɗa ko aka tuɓe, duk waɗannan suna iya hawa shafinta na farko a ranar da jaridun Legas suka tura su can ciki. Shafinta na baya kuma ya zama majalisar 'yan bokon Arewa na tsawon shekaru: Mahmud Jega ranar Litinin, Mohammed Haruna ranar Laraba, Adamu Adamu ranar Juma'a kafin ya zama ministan ilimi a 2015. Haka Tribune take ga ƙasar Yarbawa tun zamanin Awolowo, ana sayar da ita ko'ina amma kowa ya san inda zuciyarta take.

A nan ne kuma nake da ƙorafi. Jaridar da ta samu karɓuwa a matsayin mai kare yanki tana cikin haɗarin ta ɗauka cewa kare yankin shi ne kare manyansa. Matsalolin da suka fi cin Arewa, wato yaran da ba sa zuwa makaranta, asibitocin da babu magani, ƙananan hukumomin da kuɗinsu ba ya isa gare su, ba daga Legas aka aiko su ba. Ma'aunin da nake auna kowace jaridar yanki da shi shi ne yadda take bin diddigin gwamnan jiharta da sarkin garinta, domin sukar na nesa ba ta da tsada. Trust ta yi rahotanni masu kyau a wannan fanni, musamman a kan 'yan bindiga da halin da ƙauyuka ke ciki, amma mai karatu yana da haƙƙin ya riƙa tambaya kullum.

Tsohon Ma'aikacin Sashen Talla, Abuja

Malam na Zariya ya taɓo inda ke yi wa kowane gidan jarida ƙaiƙayi, ni kuma zan yi magana ta ɓangaren kuɗi, domin a sashen talla da rarrabawa na wani gidan jarida na yi aikina. Kuɗin da mai karatu yake biya ya sayi kwafi ba ya mayar da abin da aka kashe wajen buga shi. Takardar da ake bugawa a kai daga waje ake shigo da ita da dala, tun da masana'antar takarda ta Oku Iboku ta Jihar Akwa Ibom ta daina aiki, haka tawada da kayan gyaran inji, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 abin ya ƙara tsananta. Ga man dizal na janareta, ga motocin da za su tashi da tsakar dare. Wanda bai taɓa tsayawa a maɗaba'a da ƙarfe biyun dare ba, ya ga ana ɗaure jaridu dami-dami da igiya, ana rubuta sunan gari a kan kowane dami, direba yana duba agogo domin ya san idan ya isa bayan ma'aikata sun shiga ofis to kayan sun zama kwantai, ba zai gane dalilin da ya sa nisa yake kashe jarida a Arewa ba. Daga Abuja zuwa Maiduguri tafiyar yini ce. Shi ya sa Trust ta kafa wuraren bugu a Kano da Maiduguri da Legas ban da na Abuja, kuma ina ganin wannan shawara tana cikin manyan abubuwan da suka raya ta.

Sannan ki je teburin mai sayar da jarida a bakin sakatariya da safe. Za ki tarar da mutum goma sun kewaye shi suna karanta kanun labarai suna gardama, ƙila ɗaya ne zai saya, da yamma kuma dillali ya mayar wa kamfani abin da ya rage. To ina kuɗin yake fitowa? Daga talla. A Legas akwai bankuna da kamfanonin waya da masana'antu. A Arewa, bayan masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai sun yi rauni, babban mai ba da talla shi ne gwamnati da waɗanda ke kewaye da ita: sanarwar neman 'yan kwangila, shafukan taya gwamna murnar cika shekara a kan mulki, ta'aziyyar mahaifiyar wani babba, murnar naɗin sarauta. Na ga lokacin da wata gwamnatin jiha ta ji haushin wani rahoto, ba ta kai ƙara kotu ba, ba ta aiko 'yan sanda ba, ta dai dakatar da tallarta ta kuma riƙe bashin da ake bin ta. Wannan ya fi kowace barazana tasiri, domin albashin ƙarshen wata yana cikin wannan bashin.

Don haka idan kin tambaye ni daga hannun wa jarida mai zaman kanta ta kuɓuta, sai in ce ta kuɓuta daga mai naɗa edita, amma ba ta gama kuɓuta daga mai ba da talla ba. Abin da ke rage wannan dogaro shi ne yawan hanyoyin samun kuɗi, kuma ina ganin dalilin da ya sa kamfanin ya shiga buga littattafai da takardun wasu, ya buɗe Trust TV, ya kuma ƙarfafa shafinsa na intanet ke nan.

Malama Daga Maiduguri

Ina so in ƙara abin da ya faru a aikace, domin 'yancin jarida a ranar gwaji ake ganinsa. A watan Yunin 2014, lokacin Shugaba Goodluck Jonathan, sojoji sun tare motocin rarraba jaridu a sassan ƙasar suka ƙwace kwafe, Daily Trust da Leadership suna cikin waɗanda abin ya shafa. Ranar 6 ga Janairun 2019, lokacin Shugaba Muhammadu Buhari, sojoji sun mamaye ofisoshin jaridar na Maiduguri da Abuja da Legas, suka tafi da editan shiyyar Arewa maso Gabas da wani wakili, saboda rahoton da ta buga a kan shirin ƙwato garin Baga daga hannun masu tayar da ƙayar baya. Rundunar ta ce rahoton ya fallasa sirrin yaƙi, daga baya fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin a janye daga ofisoshin. A watan Agustan 2022 kuma hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindigar daji. Abin lura shi ne biyu daga cikin waɗannan sun faru ne a ƙarƙashin shugaban ƙasa ɗan Arewa, wanda hakan ya raunana zargin da wasu ke yi cewa jaridar ba ta taɓa nata.

Amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. A watan Yulin 2024 jaridar ta buga babban labari cewa yarjejeniyar Samoa, wadda aka ƙulla tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na Pasifik, Najeriya kuma ta sanya mata hannu, tana ƙunshe da sharaɗin goyon bayan fafutukar masu neman jinsi. Labarin ya bazu kamar wutar daji, aka yi huɗubobi a kansa a masallatai. Gwamnatin tarayya ta kai ƙorafi gaban kwamitin sauraron koke-koke da kafafen yaɗa labarai suka kafa da kansu, kwamitin ya gano cewa rahoton bai yi daidai da abin da ke cikin yarjejeniyar ba, jaridar kuma ta amince ta nemi afuwa a fili. Wannan ya nuna nauyin da ke kanta. Jaridar da miliyoyin mutanen yanki guda suka ɗauka a matsayin tasu, idan ta yi kuskure a kan abin da ya shafi addini, kuskuren yana isa inda gyaran ba zai isa ba. Na yaba da neman afuwar, na kuma fi yabawa da cewa an warware batun ba tare da an rufe ofis ko an kama kowa ba.

Ɗalibar Jarida, Kano

Na gode ƙwarai, iyayena, na ƙaru. Saura abu guda da ya tsaya mini. Idan mafi yawan mutanen da ake cewa jaridar tana magana da yawunsu Hausa suka fi ji, me ya sa ta kullum ɗin da Ingilishi take fitowa, ta Hausa kuma sai mako-mako?

Mai Nazari, Zariya

Dalilin yana komawa ga abin da Malam na sashen talla ya bayyana. Mai ba da talla yana neman idon wanda ke sanya hannu a kan kwangila da wanda ke da asusu a banki, kuma yana ɗauka cewa wannan mutumin Ingilishi yake karantawa, don haka shafi guda a jaridar Hausa ba ya kawo abin da takwaransa na Ingilishi ke kawowa, alhali kuɗin takarda da tawada ɗaya ne. Na biyu, rediyo ya riga jarida shiga gidan Bahaushe. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, Rediyon Kaduna ya yi zamaninsa, tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 kuma tashoshin FM masu zaman kansu suka yawaita, har ma suna karanta wa jama'a kanun jaridu da Hausa kowace safiya. Ta wannan hanya rahoton da aka rubuta da Ingilishi a Abuja yake isa kunnen mai shayi da ɗan kasuwa da matar aure a cikin gida, waɗanda ba su taɓa riƙe jaridar a hannu ba. Akwai kuma hujjar cewa Arewa ba ta Hausa kaɗai ba ce. Mutumin Makurɗi da na Ilori da na Lokoja su ma 'yan yankin ne, Ingilishi kuma shi ke haɗa su da na Sakkwato a shafi ɗaya.

Intanet ta sauya lissafin, domin ta cire kuɗin takarda da na mota. Aminiya tana fitowa a kan takarda mako-mako, amma shafinta yana sabunta labarai kullum, haka Leadership Hausa da Manhaja ta kamfanin Blueprint da sashen Hausa na Premium Times. Matsalar da ta rage ita ce yawancin abin da ake sanyawa a irin waɗannan shafuka fassara ce daga ɗakin labaran Ingilishi, wani lokaci fassarar gaggawa, maimakon rahoton da wakili ya je ƙauye ya ɗauko da Hausa tun daga bakin mai magana. Idan za ki yi bincike a kan wannan fanni, Malama, ki ɗauki bugun Aminiya na wata guda ki ajiye kusa da Daily Trust ta wannan watan, ki ƙirga labarai nawa ne aka fara rubutawa da Hausa, nawa ne kuma aka juyo daga Ingilishi.